Tagar da Usta Wagdi Ya Bari a Buɗe

Ranar da na fara zargin Usta Wagdi, ruwa ake yi a Iskandariyya tun asuba, irin na hunturu mai zuwa da iska daga teku, har kwatar layinmu ta cika ta tumbatsa. Kowa ya rufe tagarsa, ban da shi.

Ni mai guga ne, shagona yana ƙarƙashin benen da yake zaune, tagarsa daidai saman kaina. Shekara arba'in muna maƙwabtaka. Gyaran layin waya ya yi har ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu, 'yarsa guda tana aure a garin Tanta. Abin da ya rage masa a duniya shi ne kujerarsa a gidan shayin Mu'allim Shahhat da ke dab da benensa, kusa da ƙofa, inda muke buga domino bayan la'asar.

Ina goge wata riga sai na jiyo muryarsa daga sama, yana waya. Wai teku ya hau titi, wai mutane suna sandarewa a tsaye ba sa ƙara motsi, kada ta fito, ta kulle yara a ɗaki. Na ajiye dutsen guga na leƙa. Daga bakin layinmu ana hango teku, yana nan inda Allah ya ajiye shi. Sai na ji ya maimaita maganar tiryan-tiryan, ya yi kuka a daidai inda ya yi na farko. Sau biyar na ji haka. Da la'asar ya sauko fes, ya ci mu wasa biyu. Ban tambaye shi ba, ni ba mai gaggawa ba ne.

Umm Tamir da ke zaune a benen da ke fuskantar nasa ce ta kawo sauran. Ta ce ta hango wata ƙaramar na'urar naɗar murya an haɗa da wayarsa ta girke, kuma duk Talata wata mata tana zuwa a mota mai baƙin gilashi, ta karɓi wani abu a ambulan ta tafi. A wurinmu, wanda ya san layin waya kuma yana da na'urar naɗa, sunansa ɗaya ne, ba a ma faɗa, sai dai a taɓa kunne, wato kunnen hukuma ne. Nan da nan mutane suka shiga tuna baya. Shekarar da jami'an tsaro suka tafi da wane, ai Wagdi ne ya gyara musu layi a watan. To, layin wa bai gyara ba a unguwar nan? Na faɗi haka sau ɗaya, amma ni ma raina bai kwanta da maganar tawa ba.

Mu'allim Shahhat ba ya iya riƙe abu. Ya ajiye wa Wagdi shayi ya ce, "Usta, na ji wayarka ta haihu. Ba a gayyace mu suna ba."

Wagdi ya yi dariya ya ce a yi haƙuri zuwa bayan sallah, kowa zai gani da idonsa.

"Da idonmu, ko da kunnen wasu?"

Sai ya ce ya sa hannu a takarda cewa ba zai faɗa ba. Gara ma da ya yi shiru. Daga ranar, in ya zauna, hira ta koma ƙwallo da tsadar kifi. Ana ba shi shayi, ana wasa da shi, amma kowa yana tauna magana kafin ya fitar.

Bayan sallah ya kawo mini kwat ɗinsa na goge, ya ce da la'asar a kunna talabijin ɗin gidan shayi. Muka taru. Wasan kwaikwayo ne, amma ba fuskar kowa. Allo baƙi, sai wasu zare-zare masu tsalle in an yi magana, da sunan mai kira a rubuce. Duniya ce take tashi, ba ka ganin komai, sai dai ka ji mutane suna kiran 'yan'uwansu a waya. Kira na uku muryar Wagdi ce, teku ya hau titi, a kulle yara.

Wuri ya ɓarke da dariya. Wagdi ya bayyana mana cewa matar mai mota ita ce mai shirya wasan, ta ji muryarsa ne wata rana da ya je taimaka wa mahaifiyarta da layi. Ba ta son ɗakin naɗa murya. Kowa a gidansa yake yi, da tsohuwar wayarsa, taga a buɗe, don a riƙa jin rayuwar titi a baya. Shahhat ya sumbaci kan Wagdi, ya ce a kawo wa jarumi kofi.

Kofin bai iso ba aka zo kiransa na biyu. A bayan kukansa muka ji mai sayar da gas yana buga tukunya. Muka ji Umm Tamir tana kiran mai burodi. Sai ga muryar Mu'allim Shahhat tarwai, yana zagin shugaban gunduma a kan kwatar da ta toshe, shi da ubansa da waɗanda suke sama da shi har ƙarshen tsani.

Shahhat ya kashe talabijin. Ya ce a hankali, "Ashe dai kana naɗar mu."

"Wallahi ban ji ka ba, Mu'allim. Kuka nake yi."

"Kai ba ka ji ba. Ƙasa duka ta ji."

Mako uku Shahhat yana ajiye da jaka mai kayan sawa kala biyu da maganin hawan jininsa a ƙarƙashin kantar gidan shayinsa, yana jiran a zo tafiya da shi. Ba wanda ya zo. Wasu suka ce wannan ya wanke Wagdi. Wasu suka ce rashin zuwan ma shi ne shaida, don mutanen nan ba sa tona nasu. Aka ɗauke kujerar Wagdi daga bakin ƙofa aka shigar ciki. Ya zo sau biyu ya tsaya a ƙofa, ba wanda ya matsa masa.

Ni ban ce mai kai rahoto ba ne. Amma har yau ina juya abin: mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan layin waya, a ce bai san abin da waya take ɗauka ba? Ban hau wurinsa ba, shi ma bai ƙara kawo guga ba.

Yanzu yana Tanta wurin 'yarsa. Wani mai gyaran haƙori ne yake haya a ɗakunansa.