Kaset ɗin Inna da tsohuwar kwamfutata

Shekarun baya, lokacin da na dawo Karaye na zauna gaba ɗaya, kayana masu nauyi biyu ne: akwatin littattafai, da wata kwamfutar tebur da na saya tun ina aikin tafinta a Jidda. Ta tsufa. Idan na kunna ta, ina iya zuwa in yi alwala in dawo ba ta gama farkawa ba.

A ƙasan akwatin littattafan akwai kaset guda ɗaya da na fi ji da shi. A zamaninmu wanda ke ƙasar waje ba waya yake samu ba, kaset ake aiko masa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, takan zauna gaban rikoda ta yi ta magana, Hausa da Fillanci a haɗe, a ba wani maniyyaci ya kawo mini. Sauran sun ɓace a yawon duniya, wannan kaɗai ya tsira.

Wata rana na je gaida yayata a Ruwan Bago, ta wajen Rogo. Idonta ya yi rauni, ba ta cika fita ba. Muna cikin hira sai ta ce, "Auta, ka san na manta muryar Inna? Fuskarta tana nan, amma muryar ta tafi."

Na ce, "Adda, ai muryar tana wurina."

Ta ce, "Kai dai da cika baki. Kawo in ji."

Na dawo gida da niyyar in juye kaset ɗin cikin kwamfuta, in sa mata a waya. Na haɗa rikoda da kwamfutar da igiya, na danna. Muryar Inna ta fito tana sallama. Ba a yi minti goma ba kwamfutar ta sandare, kibiya ta ƙi motsi. Ina can ina fama da ita, rikodar ta cinye zaren kaset ɗin. Kafin in kashe, ya tsinke. Abin da na ɗauka ma bai zauna ba.

Na kai wa abokina, mai gyaran rediyo a kasuwa, wanda muka yi firamare tare. Ya ɗaura gilashinsa, ya yanke inda ya tauye, kamar tsawon kamu ɗaya, ya liƙe da salatif. Wannan kamun magana ce ta Inna da ba wanda zai ƙara ji.

Ya ce, "Alhaji, zaren nan ya ruɓe. Sau ɗaya zai ƙara juyawa lafiya, in an yi sa'a sau biyu. Kada ka sake haɗa shi da waccan gyatumar taka. Ka kara waya a bakin lasifika kawai."

Na ce ai in na yi haka, da carar zakara da ƙarar babur duk za su shiga, kuma muryar dama ta dushe.

"To sayi sabuwa mana. Duk yawon da ka yi, ba ka koyo zubar da tsohon kaya ba?"

Gaskiyarsa, na ga inda ake zubarwa. A Jamus na ga talabijin mai aiki an ajiye a bakin titi don an yi sabuwa. Amma na zauna a Fot Sudan ma, inda na ga makanikai suna tayar da motar da ta girme su, da waya da haƙuri. Ni hannun Sudan na ɗauko. Na ce masa gyatumar nan ba inda za ta.

Na yi kwana uku ina karatu a waya, na Larabci da na Turanci da na Faransanci, har na gane matsalar. Ma'ajiyar kwamfuta kamar rumbu ce, tawa kuwa da sauran wuri. Abin da ake kira ram shi ne tabarmar da ake baza hatsi a kai lokacin aiki. Tawa giga ɗaya ce, 'yar tabarmar salla, ni kuma ina so in shanya buhu.

Ranar da muka buɗe ta a shagon abokina, abin da muka fara gani ya sa shi dariya har da riƙe ciki. Zanzaro ya gina gidansa na laka a jikin fankar da ke sanyaya ta, ɗaki uku reras. Fankar ko motsi ba ta yi. Ya ce, "Ashe haya ka bayar ba ka faɗa ba." Muka ɓamɓare, muka share da burushi, fanka ta juya.

Sai na shiga Kano sayen ram. A nan na yi abin kunya. Na shiga shago da babbar riga ina zuba Turanci, na ce a ba ni giga huɗu, mafi kyau. Ban tambayi iri ba. Da na dawo, sandar ram ɗin ta ƙi shiga raminta. Akwai 'yar tsaga a ƙasanta da ya kamata ta hau wani ɗan tudu, sai ta kauce da kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Abokina ya jawo magagari ya ce, "Kawo in buɗa mata baki." Kuma wallahi na miƙa masa. Sai da ya ɗora ƙarfen na riƙe hannunsa, na ce bari in duba rubutun da ke jikin tsohuwar. Tawa mai lamba biyu ce, na sayo mai lamba uku. Harsuna biyar a bakina, ban karanta 'yar takardar da ke manne ba.

Na koma Kano, wannan karon da tsohuwar sandar a naɗe cikin takarda, yadda mata ke zuwa kasuwa da ƙyallen atamfa don a ba su irinta. Mai shagon ya ce irin wannan sai a kayan gwanjo. Ya tono mini biyu, kowace giga biyu.

Da hannuna na sa su. Na taɓa ƙarfen akwatin tukuna kamar yadda na karanta, na daidaita tsagar, na danna har maƙallan suka ce ƙas. Na kunna. Kafin abokina ya gama kurɓar shayinsa ta buɗe. Na cire tarkacen manhajojin da ke tashi tare da ita, sannan na gwada ta da wani kaset na koyon Faransanci, gaba da baya, sau biyu. Ba ta yi tari ba.

Ranar juyen, da hantsi muka yi, a kan batirin sola na shagonsa don kada wuta ta yi mana halinta. Ya goge kan rikodar, na yi bismilla na danna. Awa ɗaya muka yi a kai. Ina kallon layin sauti yana tafiya a allo, shi yana kallon zaren. Da ya kai ƙarshe rikodar ta tsaya da kanta, ya cire gilashi ya ce, "To, gyatuma ta haihu."

Washegari na tafi Ruwan Bago. Adda tana zaune a tabarma a inuwar ɗakinta, na ba ta labarin tsinkewar zaren, na sa mata wayar a tafin hannu. Inna ta gaishe ni, ta ba ni labarin damina da saniyar da ta haifi tagwaye, ta yi mini faɗan rashin aiko da hoto. Adda ta kara wayar a kunne. Can wajen tsakiya, sai Inna ta juya daga rikodar ta ɗaga murya ta kira sunan Adda, ta ce ta bar dakan nan ta zo ta gaida ƙanenta.

Adda, da furfurarta da jikokinta, ta ce, "Na'am, Inna."

Muka saurara har ƙarshe. Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce, "Zaren zai ƙara ɗauka? Ina so in sake ji."

Na ce, "Adda, yanzu babu zare. Ko sau dubu kike so."

Na yi tafinta a gaban manya a ƙasashe da dama, an yaba mini, amma in aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, wannan ne: sanda biyu da na danna da yatsuna. Kwamfutar tana nan, da ita nake rubuta muku wannan. Abokina har yau in ya gan ni sai ya tambayi lafiyar 'yan hayata. Adda kuwa, jikokinta sun ce kullum in an zo wurin kiran nan sai ta amsa.