Ranar da Kaka Ya Ƙetar da Mu Shari

Wahala muka sha, ba wani suna da zan ba ta. Kwana biyu muna kwance a ƙasan ɗaki a unguwarmu ta Marjandafak, famfo ba ruwa, harsashi yana huda kwanon rufi. Matata cikinta ya cika wata tara, ƙafafu sun kumbura, tun safe take cije leɓe ba ta gaya wa kowa ba. Ni tela ne, karatuna bai yi nisa ba, abin da na sani game da yaƙi tsoro ne kawai.

Kakana, mahaifin babana, yana tsakar gida a kan kujerarsa yana shan shayi. Ya haura tamanin a lokacin. Tun yana saurayi ya shiga gyaran jiragen soja, a ciki ya yi furfura, har Turawa shi suke aika wa idan inji ya gagare su. Ranar da ba aiki kuwa ba ka samun sa a gida. Ko yana bakin kogin Shari da fatsa, ko ya yi mako a daji yana bin zabi, ya dawo ƙafa duk faso. Kakarmu, Allah ya jiƙanta, cewa take iska ta aura.

Na fito da rarrafe na ce, "Kaka, mu tafi gada mu ƙetare kogi. Kowa ya watse."

"Gada ta cika. So kake ta haihu a kan kwalta? Zauna."

"In zauna har a kashe mu?"

"Ka cika surutu, kana toshe mini kunne."

Sai na ji abin da yake saurare. Jirgi mai saukar ungulu ne, wanda in yana sama duk abin da ya motsa a titi abokin gaba ne. Kaka ya karkata kai, ya lumshe ido. Ya ce, "Da nauyi yake. Ji yadda yake nishi." Can gabas muka ji ƙasa ta girgiza. Da jirgin ya juyo ta kanmu, ni ban ji bambanci ba, amma Kaka ya ajiye kofi.

"Ya sauke kayansa, cikinsa kuma ba mai. Sai an shayar da shi, a ɗora masa wasu bama-baman, a duba shi. Masu wannan aikin, mu muka koyar da iyayen gidansu. Ko sun yi sauri, sai la'asar. Yalla, mu tafi."

Ya leƙa ɗaki ya ce, "Amaryata, tashi. Wannan ragon mijin naki ba inda zai kai ki."

Tana haɗa gumi ta ce, "Ango, ƙafar ce ta ƙi."

"Da ma na ce ki bar shi ki dawo wurina, kika ƙi."

A kurar wani ɗan garuwa da aka yar a lungu muka ɗora ta. Ina turawa, shi yana gaba da sanda, bai taɓa bari mun hau babban titi ba. Lungu zuwa lungu, bayan wani kango, cikin lambun albasa, har gangaren ruwa. Na ga abubuwa a hanya da ba zan rubuta ba. A cikin ciyawa ya janyo wani kwalekwale na abokin kamun kifinsa, kamar jiya ya ajiye shi.

Tsohon nan ya tsaya a bayan kwalekwale ya kama gora. Jijiyoyin hannunsa kamar igiya. Muna tsakiyar kogi na ji ƙugin inji a sama, na zabura har ruwa ya shigo mana.

"Kaka, ya dawo!"

Ko ɗaga kai bai yi ba. "Zauna, kada ka kifar mini da amarya. Wannan babban na ɗaukar kaya ne, baƙi yake kwashewa." Ya sake kasa kunne, ya yi tsaki. "Injinsa na hagu ma yana son a duba shi. Wa ya bar shi ya tashi haka?"

Na zauna ina kallon sa. Gari yana cin wuta a bayansa, shi kuwa haushin aikin wani yake ji.

Muna taka gaɓar garin Kuseri ana kiran la'asar. Ladan bai rufe baki ba muka ji jirgin nan mai saukar ungulu ya taso a wancan ƙetare. Wata mata da ba mu taɓa gani ba ta ja matata cikin gidanta, kafin magariba ta sauka lafiya. Mace aka samu.

Washegari da safe na tafi kiran Kaka ya yi wa jaririya huɗuba, na tarar tabarmarsa a naɗe. Masu gidan suka ce yana idar da salla ya gangara ruwa ya koma da kwalekwale, wai akwai maƙwabtanmu da suka rage a lungu. Na aro buta na cika, na sa takalmina, na bi shi bakin kogi na zauna jira.