Tsagar da Na Rufe da Fenti

Wauta dai na yi ta, kuma da hannuna na yi ta. Lokacin babban yaƙin Turawa, wani ɗan kwangila ya zo kasuwar Tambuwal neman masu shafa wa jiragen saman soja fenti a Sakkwato. Na yi wuf na bi shi, don a garinmu Kebbe ba wanda ya kai ni iya yaɓe.

Ƙa'idarsu, sai an kankare tsohon fenti, Baturen da ke duba jirage ya duba, akawu ya rubuta a littafin jirgin, sannan a shafa sabo. Wata rana ina kankara sai na ga 'yar tsaga a gindin fiffike. A garinmu in bango ya tsage, cikewa ake yi tun maigida bai gani ba. Na cike ta da fenti, na shafe sumul.

Da Baturen ya zo, yabon kai ya hana ni shiru. Na ce wa akawu, "Malam, gaya mishi akwai tsaga nan. Ya nemo ta in ya iya."

Aka sake kankarewa, aka rubuta, aka hana jirgin tashi. Na naɗe tabarmata ina jiran kora. Sai Baturen ya ce idon da ya hango wannan tsaga ba a sallamarsa. Aka karɓe burushi, aka mai da ni mai neman tsaga.

Ɗan kwangilar ya dube ni ya ce, "Ɗan Kebbe, da bakinka ya iya rufe abu kamar hannunka, da matuƙin jirgin nan bai koma gida ba."