Kofin da Gwaggo ta shafa wa jan farce

Salamu alaikum. Masu cewa Rukayya ta ɓace, ga ni, ban mutu ba. Shirun ya yi tsawo, yau zan amayar da abin da ke cikina.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a, fannin walwalar jama'a, aka tura mu aikin sanin makama. Aikin shi ne shiga gidaje: ka zauna da mata, ka ji damuwarsu, ka haɗa su da inda za a taimake su. In ba ka yi shi ba, ba digiri. Ni Hunkuyi aka tura ni, na sauka gidan Gwaggo Lami, yayar babanmu.

A can tari ya kama ni. Na sha maganin kemis, na sha zuma da citta, kamar ana ƙara masa. Zazzaɓin yamma, gumi, abinci ya fita raina, zanina ya koma zagaya ni sau biyu.

Baba ya zo daga Gubuchi ya kai ni asibiti a Maƙarfi. Aka ba ni 'yar roba in tofa kaki, aka yi hoton ƙirji, aka ɗebi jini. Magani kyauta ne, amma hoto da kuɗin mota sai da Baba ya sayar da buhun masara.

Likita ya ce, “Tarin fuka ne. Wata shida za ki sha magani, kada ki tsallake ko rana ɗaya. Yana warkewa.”

Na ji tsoro, wallahi. Ranar da fitsarina ya koma ja na zauna ina kuka, na ɗauka jinina ke tsiyayewa, ashe aikin ƙwayar ne.

Ina komawa gidan Gwaggo na tarar ta ware min kofin silba, ta zagaye bakinsa da jan farce, ta rataye shi a ƙusa kusa da bayan gida. Wannan ban riƙe ta da shi ba, tsoro halak ne.

Abin da na riƙe ta da shi, bakinta. Ba sunan da Gwaggo ba ta zuwa, ba bikin da ba ta ɗora tukunya. Duk inda ta zauna sai ta ce, “'Yar ƙanena ta kwaso cutar 'yan jami'a. Ku dubi ramar, tari ne ke yin haka?” Ƙanjamau take nufi, kuma kowa ya gane.

Inna ta zo duba ni, ta ji komai, ta ga kofin a ƙusa. Gwaggo yayar mijinta ce, ba ta iya cewa uffan ba. Ta share ido da gefen mayafi ta koma.

Da maganin ya kama jikina, likita ya ce in koma aiki. To, kun san gidajenmu. Baƙo ya shigo, ruwa ake fara miƙa masa, sai ya sha ake buɗe hira. Ni kuwa in yi sallama, a amsa daga ɗaki, ba tabarma, ba ruwa. Gidan da ba a ba ka ruwa ba, wa zai gaya maka cikinsa?

Malamar da ke duba aikina ta ce, “Rukayya, in ba ziyara, sai dai ki maimaita shekara.” Na san Baba ba shi da ƙarfin wata shekarar.

Haushi ne ya fitar da ni, ba jarumta ba. Na ciro kofin daga ƙusa na jefa a jaka. Gidan farko na tsaya tsakar gida na ce, “Tarin fuka gare ni, ina shan magani. Ga kofina, ku zuba min a nan.”

Matar gidan ta daɗe tana kallona, sannan ta zuba. Ina gama sha ta rage murya ta ce surukarta na ɗaki tana tari tun damina, sun ɓoye ta don gudun bakin mutane.

Haka na bi gidajen da kofina. Masu tarin da na raka asibiti, a kansu na rubuta aikina na ƙarshe. Gwajin kakina ya fito fes, sakamakon jami'a ma ya fito. Na gama, Alhamdulillahi.

Ranar walimar gama karatuna a Gubuchi sai ga Gwaggo, an sha leshi, ana rangaɗa guɗa: “'Yarmu ce, a hannuna ta yi karatun.”

Na wanke kofin tas, na cika shi da kunun aya mai sanyi. Na durƙusa gabanta cikin mata, na miƙa da hannu biyu. “Gwaggo, bismillah.”

Ta kalli jan farcen.

“Ina azumi,” in ji ta, ga goro cike da kumatu.

Ban tashi ba, ban sauke hannu ba. Sai Inna ta taso, Innar da ba ta taɓa ɗaga ido gaban Gwaggo ba, ta karɓi kofin ta shanye, ta ce, “Ƙaro min.”

Na gode wa Allah. Na gode wa Baba da Inna, da ma'aikatan asibitin da ke ɗora ni kan sikeli suna tsokanata, da matar da ta fara zuba min ruwa.

In tari ya ƙi tafiya, ku je a gwada kaki, ku bar zagayen kemis. In an ba ku magani, ku shanye shi har ƙarshe ko kun ji sauƙi. A buɗe taga, a rufe baki in za a yi tari. Likita ya ce a iska yake tafiya, kofi bai yi laifin komai ba. Wanda kuma bai san ciwon mutum ba, ya kama bakinsa.

Masu cewa in yafe, na ji, amma ba yau ba.

Gwaggo, na san za a karanta miki wannan. Ban goge jan farcen ba. Duk ranar da azumin naki ya ƙare, kofin yana nan.