Maɓallan Yaya Tela

Yayana tela ne, kowa Yaya Tela yake ce masa, har matarsa. Shagonsa ɗan ƙarami, keken ɗinki a bakin ƙofa, sai wani tsohon daro a ƙarƙashin tebur. Duk maɓallin da ya tsinta, ko a hanya ko a jikin tsumma, cikin daron nan yake jefawa.

Wata rana babu aiki, ya zube su a ƙasa ya ƙirga. Dubu goma da bakwai. Ya ce bari ya jera su biyu-biyu su yi kyau, ɗaya ya yi saura. Uku-uku, biyu suka rage. Bakwai-bakwai, huɗu. Mutumin nan haka ya yi ta bi har ɗari-ɗari, masu kawo ɗinki suna tsallake maɓallai kamar masu tsallake kwata. Kullum da saura.

Ni na zata haushi zai ji. Ina. Sai ya same ni yana murmushi.

"Ƙanwata, wannan adadin ba ya rabuwa. Ko ki raba su ga kowa ɗaya-ɗaya, ko mutum ɗaya ya ɗauke duka. Kin taɓa ganin abu mai zuciya haka?"

Na ce, "Yaya, ka dai ci abinci yau?"

Daga nan ya hana a taɓa daron. Ba a ƙarawa, ba a ragewa. In ɗinki na son maɓalli, kasuwa zai je ya sayo. Har na wandonsa ya ɓalle ya ɓace, ya ce ba irinsa sai a daro, ya kuma ƙi ɗauka. Haka yake yawo, hannu ɗaya riƙe da ƙugu. In zai gaisa da mutum sai ya matse gwiwoyi.

Matarsa ta gaji da dariyar maƙwabta. Yana wanka ta zari ɗaya daga daron, ta ɗinke masa a wando. Ya saka wandon, ya ji ya zauna daram. Ya zube daron, ya jera biyu-biyu. Suka tafi cif, babu saura.

"Kin kashe shi," ya ce. "Ya zama kamar kowane adadi."

"Ga shi nan a cibiyarka, Yaya Tela. Amma in ka ɓalle ɗinkina, sai in kwashi cikin hannu daga daron in watsa a kwata."

Ya san za ta aikata. Ya kalli almakashi, ya kalle ta. Sai ya shiga bayan labule, ya fito ɗaure da ragowar yadin wata mata mai furanni. Wandon ya ninke shi, maɓallin yana sama, ya kwantar a cikin daro tare da 'yan'uwansa.

Ya ce, "Dubu goma da bakwai," ya hau keke ya ci gaba da ɗinkinsa.