Benen Kawu Arzika

Kawuna Arzika ya fara tuƙi tun hanyar Katsina zuwa Maraɗi ba ta fi turbar raƙuma ba. Wan mahaifiyata ne, gajere mai faɗin ƙirji. Matarsa ta rasu kafin in yi wayo, kuma bai sake aure ba. Dukiyarsa a Jibiya babbar mota ce guda, wadda yake kira kamiyo irin na mutanen ƙetare, sai garejin ƙasa da take kwana a ciki kusa da shingen kwastan. Da kaka yakan ɗauko gyaɗa daga Maraɗi ya kai Kano. Sauran shekara kuwa duk abin da ya samu ɗauka yake yi, mutane ko awaki ko gishiri. Shi kansa a gefen tayar motar yake shimfiɗa tabarma.

Na dawo daga Ikko a 1956, bayan na koyi zanen gine-gine a Yaba. Na zo da allon zane da rula da tabarau, ina jiran gari ya zo neman shawara. Wata ya wuce, ko akurki ba wanda ya ce in zana masa. Sai Kawu ya aiko a kira ni.

"Injiniya," in ji shi, ko da yake na sha gaya masa ni ba injiniya ba ne. "Ɗaki nika so bisa garejin ga. Ƙarami. In na miƙe ƙafa kada ta fita waje, shi ke nan."

Dalilin ɗakin idanunsa ne. Yanar ido ta fara rufe su, kuma ba wanda ya sani sai Manu, karen motarsa, wanda shi ma furfura ta cika masa gemu. A hanya Manu kan zauna kusa da shi yana faɗa a hankali, "Rami dama. Jaki. Gada." Fasinjoji suna tsammani hira suke yi. Kawu ya san ranar da maganar ta fita ba ɗan kasuwar da zai sake ɗora masa buhu, ba wanda zai sake hawa motarsa. Yana son wurin da zai zauna in ranar ta zo, amma ba ya son ta zo da wuri. Ni kuwa kullum muna tare ina auna bangonsa da igiya, ban lura da komai ba.

Na ba aikin nan hankalina duka. Wurin bai fi a shimfiɗa tabarma uku ba, don haka na ce kome ya shiga jikin bango. Gadon ƙasa a gefe guda, ƙarƙashinsa kogo na ajiye akwati. Alkuki na fitila a kansa. Randa a kusurwar da iska ke bugawa, kusa da ita ɗan wurin alwala da indararo mai zubar da ruwa bayan gareji. Na sa aka ninka azara don rufin garejin ya ɗauki nauyi. Matakala ta bi ta waje. Da na kai masa zanen, ya riƙe takardar a juye, kanta a ƙasa, ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai." Na koma gida ina jin daɗi, ina kuma tausayin wanda bai yi boko ba.

Abu ɗaya ya roƙa. "Ka bar mani rami a daɓe, daidai kan injin."

Na yi masa bayanin hayaƙi da lafiyar huhu, har da sunan iskar da Turanci.

"To yi mashi marfi," in ji shi.

Na yi, amma ban sa shi a zane ba, don kada wani ya gani ya ce ni na ƙirƙira.

Abin alfaharina taga ce. Babba, mai ƙyaure biyu, tana kallon arewa. Daga nan ana hango gulbi da gonakin gero har inda ƙasar Faransa ta fara. Sai dai tsakanin tagar da gulbin akwai gidan Malam Uwaisu, mai sayar da goro, katanga ɗaya da garejin. A garinmu ko rufin ɗakinsa mutum zai hau ya yi yaɓe, sai ya ɗaga murya ya sanar, matan maƙwabta su kintsa. Na san haka tun ina yaro. Amma a Ikko tagar kowa tana kallon tukunyar wani, kuma ni sama nake kallo.

Ranar da magina suka gama, na hau na buɗe ƙyauren da hannu biyu. Sai ga Inna Luba, matar Malam Uwaisu, zaune tsakar gidanta tana tankaɗe, kai ba ɗankwali. Ta ɗago ta dube ni, ba ta ko ajiye rariyar ba.

"Kalilu," ta ce, "uwarka ta san kana nan?"

Washegari da hantsi aka taru a zauren Malam Uwaisu, da mai unguwa da dattawa. Na zo da zanena a naɗe. Na yi magana a kan haske da iska da zafin bazara, na ce in an toshe tagar ɗakin zai zama tanda. Aka bar ni na gama.

"Ɗana," in ji Malam Uwaisu, "ko ka toshe ta, matakalar fa? Wanda ya kai tsakiyarta ya ga har madafina. Ni ba ni da faɗa da Arzika, tare muka yi wasan ƙasa. Amma benen ga sai ya sauka."

Mai unguwa ya gyaɗa kai. Na buɗe baki zan kawo shawarar a ƙara wa katanga tsawo, aka ce katangar da za ta rufe bene ai ta zama ganuwa. Na naɗe takardata.

Kawu yana zaune bakin ƙofa, Manu a gefensa. Ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. In ya yi shiru, za a rushe ɗakin, shi kuma ya ci gaba da tuƙi har ranar da Allah ya nufa. Manu ya taɓa masa hannu kamar mai cewa bari. Kawu ya janye hannun.

"Uwaisu, wace riga ka sanya yau?"

"Wace irin tambaya ce wagga?"

"Ina jin muryarka, na san kana wajen dama. Amma rigar, ko fara ce ko baƙa, ban sani ba. In na zauna tagar can, gidanka da gulbi da gonaki duk hazo guda ne. Haske kawai nika gani, shi ma ina son shi tun bai tafi ba."

Malam Uwaisu ya matso ya duba idanun, ya koma ya zauna.

"Arzika, ranar kasuwar da ta wuce kai ka kai ni Maraɗi."

"Manu ya kai ka. Ni sitiyari na riƙe."

"Da gorona duka. Da surukina."

"Kun isa ko ba ku isa ba?"

Wani dattijo ya fara dariya, ya mayar da ita tari. Malam Uwaisu ya yi salati a hankali, ya share fuska. Daga bayan labulen zaure muryar Inna Luba ta fito.

"Malam, a bar ma Arzika ɗakinsa. Shi ba ya ganinmu. Mai tabarau ɗin nan za a yi wa doka."

Haka aka yanke. Bene ya tsaya, taga ta tsaya. Kawu zai hau ya sauka yadda ya so. Duk wani namiji mai ido sai ya tsaya ƙasa ya sanar, ya jira izini, in ya hau kuma ya zauna nesa da taga.

Kafin la'asar labari ya kai tasha, ya ƙetare shinge. Kawu bai sake tuƙi ba. Manu ya je Katsina ya yi lasin, 'yan kasuwa suka dawo da buhunansu sannu a hankali, suna cewa ai dama shi ke tuƙin. Kawu ya tare a sama da akwatinsa da butarsa. Ya yaba gadon, ya yaba randar. Wurin alwalar ne ya ce an yi shi don mutum mai ƙafa ɗaya.

Da safe, in Manu ya tayar da mota, Kawu kan janye marfin ramin nan ya kwanta rubda ciki, kunne a bakinsa, hayaƙi yana tasowa.

"Manu, ba ta sha mai daidai. Sake ba ta wuta in ji."

Ya yi shekaru a haka. Daga baya na sami aiki a Kaduna, na zana ofisoshi da makarantu waɗanda ban taɓa komawa na gani ba. Amma duk zuwana gida nakan je gindin matakalar nan, in cire tabarau in sa a aljihu, in ɗaga murya.

"Salamu alaikum, masu gida. Namiji zai hau."

Inna Luba ba ta gaggawa. Sai ta gama abin da take yi, wani lokaci har ta sauke tukunya, sannan in ji ta daga bayan katanga.

"Hau, Injiniya. Ka dubi ƙafarka."