Habibu da Tafkunan Jamus

Shekara uku ke nan da muka binne Habibu, taubashina, ɗan ƙanin mahaifiyata, a wata maƙabarta da ke bayan birnin Alƙahira. Mutane idan za su tuna mamacinsu sukan fara da haƙurinsa da sanyin halinsa. Ni ba zan yi wa masu karatu ƙarya ba. Habibu ya gajiyar da ni yana raye, kuma har yau bai bar ni na huta ba.

Ni ɗan kasuwa ne, ina sayen kaya a kasuwar Ataba ina aikawa gida. Shi kuma karatun ilimin ƙasa da tsirrai ne ya kawo shi jami'a a Giza, muka kama gida ɗaya. Lafiya lau muke zaune har aka tura shi Jamus horo na wata uku, a 2011, shekarar da gari ya rikice a nan. Ba wani babban birni aka kai shi ba, ƙauye ne a yankin da ake kira Eifel. Na yi zaton zai dawo mini da agogo ko takalmi. Abin da ya dawo da shi hotuna ne da bakin da ba ya rufuwa.

Kullum muka zauna cin abinci sai Jamus. Wai akwai tafkuna zagayayyu kamar bakin kwano, ruwansu na zaune cikin ramukan da duwatsu masu aman wuta suka bari tun zamanin da. Wai an shata turba a gefensu, ba a sauka daga kanta ko da taku ɗaya. Wai wata tsohuwa mai sanduna biyu ta tsayar da shi don ya tsinki fure, ta yi masa faɗan da ko mahaifiyarsa ba ta taɓa yi masa ba, shi kuma yana ba da labarin yana murmushi kamar lambar yabo ta ba shi. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na itace. Ya ce idan bishiya ta faɗi a dajin da aka keɓe, ba a saranta, barin ta ake yi ta ruɓe saboda ƙwari su samu wurin zama. Na ce masa, "Habibu, mutanen da suke girki da gas ne suke da lokacin tausayin ƙwaro." Ya ce, "Alhajin Ataba, kai komai sai ka auna shi da tukunya."

Da a baki abin ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya gano cewa a nan ma akwai wuraren da aka keɓe, ya tsiri ja na zuwa Wadi Degla, wani kwari mai duwatsu a bayan unguwar Ma'adi. Ranar hutuna guda ɗaya, a cikin jirgin ƙasan cikin gari, wato metro, da tasi da zafin rana take ƙarewa. Yakan tafi da buhu yana tsintar ledoji da robobin ruwa. Wata rana ya tarar da wasu Misirawa da iyalinsu sun gama gashin nama za su tashi, ya je ya buɗe musu bakin buhun ya tsaya. Ni ne na yi ta ba su haƙuri da Larabci, "ma'alish, ma'alish", ina jan hannun rigarsa. Maigidan ya dube shi, ya dube ni, sannan ya sa 'ya'yansa suka kwashe sharar. Habibu ya yi mako guda yana yi mini gori.

Duk wannan kuwa share fage ne. Abin da ke ransa kurmin garinmu ne, wanda ke bakin rafi, mai kanya da ɗorawa da giginya, inda muka yi ta korar birai muna yara. So yake a keɓe shi, a shata masa iyaka, a hana sara. Ya rubuta takardu masu kauri, da taswira da sunan kowane irin itace da Hausa. Abin da bai rubuta ba, bai kuma gaya wa kowa ba, shi ne likita ya ce masa zuciyarsa ba ta da ƙarfi, ya daina doguwar tafiya a rana. Wata rana da azahar ya faɗi a kan matakalar tashar metro a unguwar Dokki, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Sai da nake haɗa kayansa na ga magungunan da takardar likitan a ƙasan akwati. Ajali ne, na sani, kuma ban ja da hukuncin Allah ba. Amma mutumin da ya damu da makwancin ƙwaro ya bar matarsa Rabi da 'yarsu a gida ba tare da ya ce musu ba shi da lafiya ba, ya bar ni ina bin sa cikin duwatsu ban san abin da nake taya shi yi wa kansa ba. Wannan har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci.

Takardun na kai su gida da hannuna. Sau huɗu ina zuwa ofishin da aka ce su ne masu kula da daji. Zuwan farko an yaba, na biyu mai sa hannu ya yi tafiya, na uku an canja shi, na huɗu ba wanda ya san inda fayil ɗin yake. Bara da na je ganin gida, tun daga bakin titi buhunan gawayi suka tarbe ni. Rabin kurmin ya tafi. Nakan tambayi kaina me Habibu zai ce da ya gani. Na san zai yi faɗa har muryarsa ta dushe. Amma masu saran nan ba baƙi ba ne, 'yan uwanmu ne, wasu da su muka yi makarantar allo, kuma ba su da wata sana'a idan damina ta wuce. Ban san amsar da zai ba su ba. Ni ma ba ni da ita. Shi ya yi tafiyarsa ya bar ni da tambayar.

To me ya rage na Habibu? Ba kurmi, ba fayil, ko allo ɗaya ba a kafa da sunansa ba. Abin da ya rage, da alama, ni ne.

Watan jiya wani babban abokin cinikina daga Maraɗi ya zo sayen kaya, ya ce in kai shi ya ga gari. Ban san abin da ya hau kaina ba na kai shi wani wuri da aka keɓe a gabashin birni, inda kututturan itatuwa suka zama dutse. Ya sha mamaki ƙwarai. Da za mu fito sai na ga ya naɗe wani guntu a cikin babbar rigarsa, wai zai ajiye a falo. Na ce ya mayar. Ya yi dariya ya ce, "Haba Alhaji, dutse ne fa." Na ce, "Na sani. Ka mayar da shi inda ka ɗauka." Ya ga ba wasa nake ba, ya koma ya ajiye, na mayar da shi masaukinsa. Tun ranar bai sake kirana ba, kuma na ji a hannun wani yake sayen kaya yanzu.

Shekara goma muna hulɗa da mutumin nan, ga abin da ka ja mini, Habibu. Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya sa ka a inuwar da ba mai sare ta. Idan Ya haɗa mu, akwai magana tsakanina da kai.